Mu da Kwarashinmu a Sanyin Jos

Ku matso, 'yan uwana, ku matso mu haɗa gwiwa a kan tabarmar nan, a ja bargo a rufe ƙafafu, don duk wanda ya san Jos a watan Disamba ya san ba a yi wa sanyinta gardama. Garin da Allah ya ɗora a kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, ai dole iska ta riƙa shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa ba ko sallama. Hunturu na kankama ruwan randa ya gagari hannu, leɓe ya tsattsage, dunduniya ta yi faso, yara su fita makaranta haƙora na haɗuwa. To, a daidai wannan lokacin ne zamanmu na saƙa yake kai maƙura wajen daɗi, mu da kwarashinmu, ƙullin zare a cinya, ga butar shayi mai citta da kanumfari tana ta huci a gefe. Kai, Allah dai ya bar mu tare.

Kar ku ɗauka wata ƙungiya ce mai shugaba da ma'aji da hatimi, a'a, mu ne dai kawai. Duk ranar Asabar, in an yi azahar an sauke tukunya an sallami yara, sai ki gan mu muna sulalowa ɗaya bayan ɗaya zuwa gidan Hajiya Babba, kowacce da 'yar jakarta, wata ma a leda take zuba nata, tsinkayen sun huda ledar suna leƙen hanya. Akwai Gwaggo, wadda ba ta saƙa komai a duniya sai safa. Akwai Sista, malamar jinya, da takan zo wani lokaci ido jawur saboda aikin dare. Akwai Malama ta firamare, da maƙwabciyarmu mai awara da ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba, da Mama da take tasowa tun daga can ɗaya ɓangaren gari, da amaryarmu, sai autarmu 'yar jami'a wadda waya ba ta barin hannunta sai in kwarashi ya shiga. Kafin a nutsu an daɗe ana gaisawa, ina gajiya, ina yara, ya mai jiki, ke wannan atamfar fa a ina kika samo, can sai wata ta tuna wai saƙa aka zo yi, sai a kwashe da dariya.

Yawancinmu da tsinken tsintsiya muka fara, ko kun tuna? A zaro biyu masu kauri daga tsintsiyar kwakwar Inna, a goga bakinsu a siminti su yi santsi, a roƙi ragowar zare wurin wata yaya, a laɓe bayan aji ana ta fama. Ranar da layi na farko ya fito, ji muke duk unguwa babu kamarmu. Hajiya Babba kuwa takan yi murmushi ta ce mu 'yan bana-bakwai ne, su a gaban kakarsu suka tashi, tsohuwa da mazarinta da taskira da alli. A gurje auduga a fitar da gurya, a shiɓe ta da baka, sannan da daddare mata su kewaye fitila ana kaɗi ana tatsuniya, a tara zare a kai wa masaƙi. Wato dai zaman mata a kan zare ba yau aka fara ba, gado muka tarar, kayan aikin ne kawai suka sauya. Allah ya jiƙan mazan jiya da matan jiya.

A cikinmu akwai 'yan tsinke biyu, akwai 'yan kwarashi, kuma tsokanar juna ba ta ƙarewa. 'Yan tsinke su ce tasu ta fi laushi, ta fi bin jiki, tana miƙewa ta dawo, shi ya sa rigar sanyi da safa sai ita. Kuma gaskiyarsu ne. Sai dai idanun saƙarsu duk a buɗe suke jere a kan tsinke, ɗaya na suɓucewa sai ya yi ta zarewa ƙasa, ki ga mace ta dafe ƙirji tana salati. Mu 'yan kwarashi ido ɗaya ne tak a bakin ƙugiyarmu, ko yaro ya fizge ya gudu asarar ba ta da yawa. Tamu ta fi cin zare, ta fi kauri, amma ta fi sauri, kuma wajen fure da zagaye da adon gefen shawul ba a kama ƙafarta. Autarmu ce ta ƙara mana ƙarfin gwiwa ranar da ta ce tun 1589 wani Bature a Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin da yake kwaikwayon saƙar tsinke, amma har yau ba a samu injin da ya iya saƙar kwarashi yadda hannu yake yi ba. Muka yi shewa, muka tafa. Gwaggo ta bari muka gama murnarmu tsaf, sannan ta ce, “Auta, faɗa musu ɗayan labarin mana.” Ashe cikin saƙar tsinke mafi tsufa da ta rage a duniya akwai safa da aka samo a Masar, ta tsakanin ƙarni na 11 da na 13, da zaren auduga fari da shuɗi, wata har da rubutun Larabci a jikinta. Gwaggo ta ɗaga safar hannunta sama ta jujjuya, ta ce to, a gaishe da 'yan kwarashi. Ranar har da masu share ƙwalla don dariya.

Shi kansa zaren labari ne. Mafi yawan ulun da ke kasuwarmu ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, kuma Hajiya Babba tana da yadda take gane shi. Sai ta yanki ɗan guntu ta kusanta shi da ashana. In na gashi ne ya yi ƙaurin babbaka, ya bar baƙar toka mai murmushewa a yatsa. In na auduga ne ya ci da wuta sarai, ki ji warin ƙonanniyar takarda. In kuwa na roba ne sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri. Shi ya sa ba ma gajiya da faɗa wa iyaye, don Allah yaro da rigar ulu kar a bar shi ya matsa jikin kaskon wuta, in ta kama narkewa take yi ta manne a fata. Allah ya tsare mana su.

Sayen kuwa da 'yar adashinmu muke yi. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye da ita, sai an ɗan sha yawo kafin a dace da launin da rai yake so, kuma in an dace gara a saye wanda zai isa gaba ɗaya, don rinin yau da na wata mai zuwa ba sa zama ɗaya, sai kin haɗa su a jikin riga ki ga bambanci. Malama ita kasuwar Katako take nufa, wurin 'yan gwanjo. Ta ɗauki rigar sanyi ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin gefe da ido. In an haɗa ɓangarorin ne ba tare da an yanka ba, ta saya. In an yanka an bi da inji, ta ajiye, don guntu-guntu zaren zai fito. A gida ta warware, zaren ya fito a nannaɗe, ta naɗa shi a bayan kujera, ta ɗaure, ta jiƙa a ruwa mai ɗumi, ta shanya a inuwa har ya miƙe. Haka rigar wani bawan Allah da ba mu san ko a wace ƙasa yake ba ta zama hulunan yara uku a unguwarmu, suna ta tsalle da su a hanyar Islamiyya. Ikon Allah, hahaha!

Amma bari in rage murya, ƙawayena, don ga ainihin abin da ya sa ba ma iya fashin Asabar. Saƙa ba ta iya ɓoye sirri. A cakuɗa mana hula goma a faifai, za mu faɗi mai kowacce. Hannun Sista a matse yake, tsaf-tsaf, ido bai fi ido ba. Na mai awara sako-sako ne, mai faɗi, mai yalwa, irin halinta. Kuma hannun mace ɗaya ma yana sauyawa da abin da ke ranta. Ranar da zuciya take a ƙuntace, yatsu sai su riƙa jan zare da ƙarfi ba ta ma sani ba, idanun su tsuke, kwarashi ya riƙa shiga da ƙyar, gefen shawul ya ja ciki ya karkace. Baki ya ce lafiya lau, hannu ya ce ina, da sauran magana.

Wata 'yar uwarmu, ba sai na faɗi wace ce ba, kuma ita ce ma ta yarda in ba ku labarin, ta zo wata Asabar da fara'arta, ta gaisa, ta yi dariya a inda ake dariya. Can Hajiya Babba ta miƙa hannu ta ce, “Kawo in ga inda kika kai, 'yar nan.” Ta shimfiɗa shawul ɗin a cinyarta, ta bi shi da tafin hannu tun daga ƙasa, layi bayan layi masu laushi, har ta iso na makon, inda ya ƙanƙance ya yi tauri. Ta tsayar da babban yatsanta a wurin. Ba ta ɗago ba, ba ta yi tambaya ba. Sai ta ce wa auta ta ƙara wa yayarta shayi, a sa mata sukari sosai, ta kama warware layukan nan a hankali tana naɗe zaren, ta ce, “Zaren bai lalace ba, sai mu sake.” Nan hawaye ya zubo, magana ta biyo baya, tana yi idonta na kan zare, mu ma kowacce idonta na kan nata. Ashe maigida aka sallama daga aiki tun watannin baya, ga kuɗin haya ga na makaranta, ta rasa wanda za ta faɗa wa. Kwasar adashin watan ba tata ba ce, amma mai kwasar ta ce ita fa ba ta gaggawa, a juya. Babu wadda ta yi wa'azi, babu wadda ta ce da kin yi kaza. Aka ci awara, aka yi addu'a, ta tafi gida da layi biyu sababbi masu laushi. Hmm, duniya kenan.

Kun san akwai maganar da ba ta fitowa in ana kallon ƙwayar idonki. Amma in kowacce ta sunkuya tana ƙirga idon saƙarta, hannu na aiki, babu mai zuba miki ido, sai kunya ta samu inda za ta raɓe, zuciya ta buɗe da kanta. In kika yi shiru a tsakiyar magana ma ba a matsa miki, a ɗauka ƙirga kike yi. Abin da aka faɗa a tabarmar nan kuwa, a nan ake naɗe shi tare da ita. Ba mu taɓa yin alkawari a kan haka ba, ba ma a buƙata, ai mun san juna.

Mama fa, in na tuna ta sai in ji raina ya yi sanyi. Kafin rikicin watan Satumba na 2001 katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Hajiya Babba, tare suka yi goyo, a miƙa tuwon sallah ta kan katanga, a miƙo shinkafar Kirsimeti. Bayan abin da ya faru garin ya rarrabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, Mama ma ta tashi. Amma Asabar ba ta wuce ta, sai ta sauka daga wannan Keke Napep ta hau wancan, ta iso tana haki tana kiran a ba ta ruwa. A Zumuntar Mata ta cocinsu ta goge da saƙar tsinke, ita ta koya wa rabinmu yadda ake juya dunduniyar safa da yadda ake fitar da tufka a gaban rigar sanyi. In an kira la'asar muka tashi, ita ke tsare mana kaya kar yara su yamutsa, kafin ki sallame ma ta ƙara miki layi. In Kirsimeti ya matso kuma mu ke taya ta gama hulunan jikokinta, ja da fari. Su biyun in suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, suna tuna 'yan unguwar da, wane ya rasu, wance ta koma Bauchi, sai mu yi shiru mu bar su. Allah ya zaunar mana da garinmu lafiya.

Aikin da ya fi kwanta mana a rai Sista ce ta kawo shi, na jarirai bakwaini. Ta ce jaririn da aka haifa kafin mako 37 bai gama tara kitsen da zai riƙe masa ɗumi ba, ga kansa babba a kan ɗan jikinsa, ta nan zafi yake saurin fita, alhali ana so ɗumin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Ta ba mu labarin dabarar da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben saka jarirai suka yi musu ƙaranci. Uwa ta ɗora jaririn a ƙirjinta fata da fata, a ɗaure da zane, daga shi sai ƙunzugu da hula da safa, ɗumin jikinta ya zama nasa. A 2022 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara hakan nan take bayan haihuwa. Muka ce ai mu goyo ba baƙonmu ba ne, wannan dai na gaba ne. Uwa ta ba da ƙirji, mu rabonmu hula da safa.

Sista ba ta wasa da ƙa'ida. Zare mai laushi, babu maɓalli, babu dutsen ado, babu igiyar ɗaurewa, babu manyan ramukan da ɗan yatsa zai maƙale, a wanke a shanya a sa a leda mai tsabta. Da muka tambayi awo, sai ta ciro lemon zaƙi daga jakarta ta ajiye a tsakiyar tabarma, ta ce duk wadda ta gama ta sa masa, in ta zauna daidai to ta yi. Wallahi ranar sai da wurin ya yi tsit, kowacce tana kallon lemon nan tana tunanin wai kan ɗan Adam ne zai yi wannan ƙanƙanta, kuma ya rayu, ya girma, wata rana ya yi gemu. Mai awara ce ta fara gamawa, ta sa masa 'yar hula ruwan hoda, ta ɗan karkata masa ita gefe, ta ce, “Ranka ya daɗe, an gaishe ka.” Daga hawaye sai dariya. Tun daga nan kullum da lemonmu, in an tashi a ɓare shi a raba.

Duk shekara muna ƙoƙarin haɗa na musamman kafin ranar da duniya ta ware a watan Nuwamba don tunawa da bakwaini, mu sa launin shunayya a ciki don shi ne launin ranar. Ba mu san sunan ko ɗaya daga cikin yaran ba, iyayensu ma ba su san mu ba. Sista dai takan dawo ta ce wata uwa ta juya hular a hannunta ta daɗe tana kallo, ta tambaya wa ya yi wa ɗanta wannan. Wannan tambayar kaɗai ta ishe mu guzurin wata guda. Allah ya raya su.

Muna sayar da wasu kayan, ba za a ƙi ba, saitin jarirai na suna, shawul, rigunan makaranta. Wata ta zo ta ce haba, ai a gwanjo rabin haka ne. Ba ma fushi, Gwaggo sai ta miƙa mata tsinke ta ce bismillah, yi mana layi ɗaya, sai ciniki ya faɗa cikin raha. Mu dai roƙonmu, a wanke da ruwan sanyi, kar a murɗe, a shimfiɗa a inuwa kar a rataye, don makonnin mutum ne a ciki. Mazajenmu kuma da suke mana tsiya wai majalisar zare, su ne kan gaba wajen aiko da saƙon hular sanyi ta fita sallar asuba, wani ma har da ƙarin tashi-ka-fiya-naci. Da auta ta nuna mana hoton Tom Daley, ɗan wasan tsalle cikin ruwa na Birtaniya, zaune cikin 'yan kallo a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 yana ta saƙarsa, har ya saƙa wa lambar zinarensa 'yar jaka, Hajiya Babba ko gezau. Ta ce to su wa suke zama a zaure da allura suna fitar da aska takwas a babbar riga, su wa suke masaƙa? Muka ce maza, Hajiya. Ta ce ato!

Yanzu kuma ga na ƙarshe, amma fa tsakaninmu ne. Amaryarmu da ta zo, kayan kwalliyar ɗaki take koyo, shimfiɗar tebur da murfin kofi. Kwanaki sai muka ga ta daina shan shayin, sai tsotsar tsamiya, ana tsakiyar layi gyangyaɗi ya kwashe ta. Wata rana jakarta ta kife, sai ga 'yar safa ruwan ƙwai da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ta yi wuf ta ɓoye, wai ta 'yar yayarta ce. Muka ce Allah sarki, Allah ya raya, kowacce ta sunkuya tana cizon leɓe. Kunyar ɗan fari ai ba a taɓa ta. Sai muka shirya a ɓoye, kowacce ta saƙa ɗan murabba'i mai faɗin tafi biyu, a haɗa su su zama bargo, na Sista a matse, na mai awara sako-sako, na Mama da tufkarsa, yaro ya zo ya kwanta a cikin hannuwanmu duka. In muka ji sallamarta sai a yi ta tura su ƙarƙashin cinya.

To, Asabar ɗin da ta wuce ta dawo daga awo, an yi mata hoton ciki. Ta zauna kusa da Hajiya Babba, ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, ba ta ce uffan ba, sai ta fito da hannu ta ɗaga yatsu biyu. Jama'a! Mai awara ta rangaɗa guɗa, Mama ta miƙe tana rawa zare na binta a ƙasa, murabba'an da muke ɓoyewa duk suka zubo fili, amarya ta leƙo ta gan su ta fashe da kuka tana dariya. Allah ya raba lafiya, ya kawo mana su cikin sauƙi. Yanzu bargo biyu ke gabanmu ga lokaci na gudu, don haka duk wadda ta iya riƙe kwarashi a cikinku muna neman hannunta, wadda ba ta iya ba ma ta zo ta naɗe mana zare. Gwaggo kuwa tun ranar ba ta ɗago kai ba, wai ƙafa huɗu ke jiranta, kar wanda ya yi mata magana sai bayan suna. Wayyo cikina!